SHIRU BA SHI NE ZAMAN LAFIYA BA: DARASI DAGA TURKE DA MADATSAR CHALLAWA



Kwanan baya wani matashi daga yankin Rogo ya turo min saƙo cikin damuwa. Ya ce shekara uku da aurensa, matarsa ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ba ta taɓa kai ƙararsa wajen kowa ba. Kwatsam ranar nan ya dawo daga kasuwa ya tarar ta tafi gidansu, ta ce ta gaji. Shi tambayarsa ɗaya ce: gidan da yake zaune daram, yaya aka yi ya rushe dare ɗaya?

Tun daga ranar nake juya kalmar nan ta "daram". Muna cewa gini ya tsaya daram, farashi ya tsaya, gari ya zauna lafiya, hankali ya kwanta, muna kuma roƙon Allah ya ba mu sabati. Duk tabbata muke nufi. To amma mene ne tabbatar? Duk abin da ba ya motsi ya tabbata kenan?

Mu fara da abin da masana kimiyya suke koyarwa a sakandare, don ko a tsakar gida za ka iya gwadawa. Ɗauki ƙwarya ka jefa goro a ciki. Ka ture shi da yatsa, zai gangara ya dawo tsakiya. Yanzu kife ƙwaryar ka ɗora goron a bayanta. Idan ka yi a hankali zai zauna, amma ko iska ce ta taɓa shi ya faɗi kenan, ba dawowa. Kafin a taɓa su, goron ciki da na waje duk a zaune suke, ido ba zai bambance su ba. Turi ne yake tona asirin kowanne. Shi ya sa masana ba sa kiran abu tabbatacce sai wanda in an girgiza shi yake komawa mazauninsa.

Sun kuma ce abu biyu ke hana faɗuwa: faɗin gindi, da kasancewar nauyi a ƙasa. Duk wanda ya taɓa ganin motar da aka lafta wa buhunan masara har sama tana shan kwana ya san wannan ba sai an karanta masa ba. Mutum ma haka yake. Wanda ya ɗora duk nauyinsa a sama, wato a kan suna da yabon mutane da abin da za a gani a hoto, kwana ɗaya ta ishe shi.

Sai mu leƙa bayan gida wajen dabbobi. A ƙauyukan Ƙaraye da Rogo, da zarar shuka ta fito, kowa zai kafa turke ya ɗaure awakinsa da tumakinsa har sai an kawar da amfanin gona. Akuya a turke ba ta zuwa ko'ina. Amma wa zai ce hankalinta a kwance yake? Igiya ce kawai ta riƙe ta. Mai kiwon da ya san abin da yake yi ba ya tsayawa a ɗauri. Zai yiwo ciyawa, ya kawo ruwa da dusa, ya share wurin ya kwashe taki, ya yi rumfa, domin dabbar da ta daɗe tsaye cikin caɓi kofatonta ruɓewa yake. Wanda ya ɗaure kuma ya manta, ranar da igiya ta tsinke zai ji labari a gonar maƙwabci. Ba banza ba Bahaushe yake kwatanta wanda ya fita hayyacinsa da akuyar ɗaure da ta samu sake.

Haka abin yake a barga. Dokin sarki yana cin mai kyau, yana kwana a inuwa, amma duk da haka sai an fita da shi kilisa. In aka bar shi tsaye wata da watanni, ranar hawan sallah ko dai ya kasa, ko ya kayar da mahayinsa. Ashe turke amana ce. Duk wanda ka ɗaure, ci da shansa da lafiyarsa da walwalarsa sun hau wuyanka.

Yanzu mu je babban misali da ke ƙofar gidanmu. Madatsar ruwa ta Challawa da ke ƙaramar hukumar Ƙaraye an kammala ta a 1992, tsawon bangonta ya kusa kilomita 8. In ka tsaya a kai sai ka ga kamar ba abin da ke motsi. Alhali dare da rana ruwa yana tura bangon nan, shi kuma yana riƙewa da faɗin gindinsa da nauyinsa. Kuma injiniyoyi ba sa gina madatsa ba tare da mafita ba, inda rarar ruwa zai bi ya wuce in ta cika. Madatsar da ruwa ya fi ƙarfin mafitarta, ko aka bar ta ba kulawa, ita ke ɓallewa. Dattawa ba su manta da ɓallewar ta Bagauda a 1988 ba, mu kuma duk mun ga abin da ta Alau ta yi wa Maiduguri a watan Satumba na 2024. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Akwai wani darasin kuma da ba kowa ke lura da shi ba. Kafin a gina Tiga da Challawa, kogin Haɗeja yana cika da damina ya malale fadamu, da rani ya janye. Da aka daidaita ruwan ya koma gudana kusan duk shekara, sai ciyawar kachala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su a yankin Haɗeja zuwa Nguru. Ka ga daidaiton da aka nema a sama ya zama wahalar na ƙasa. Saboda haka duk lokacin da ka ce "ni dai hankalina kwance", tsaya ka tambayi kanka: wa yake biyan kuɗin wannan kwanciyar hankalin? Matarka ce? Yaron shagonka ne? Ƙaninka da ka riƙe masa gadon gona ya yi shiru don kunya?

Ba siyasa zan yi ba, amma mutanen yankin nan sun ga yadda abin da ake zaton ya kafu yake juyawa. A 2019 aka ɗaga Ƙaraye ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya. A 2024 aka rushe, a shekarar dai aka dawo da ita mai daraja ta biyu, da Ƙaraye da Rogo a ƙarƙashinta. Kowa da ra'ayinsa a kai. Abin da na lura da shi kawai, duk wannan juyin bai hana kasuwa ci ba, bai hana maƙwabci zuwa jana'izar maƙwabcinsa ba. Abin da ke riƙe da gari yana ƙasa, cikin zumunci da amana da jin kunyar juna. In wannan ya lalace, babu dokar da za ta tsayar da gari.

To, na koma kan ɗan uwanmu mai saƙo. Na ce masa: gidanka goro ne a bayan ƙwarya. Shekara uku ba a taɓa shi ba, sai ka ɗauka ya zauna. Ka kafa turke, ka kawo cefane, amma ba ka bar mafita ba. Yaushe rabon da ka zauna ka ce mata, me nake yi da ke ɓata miki rai, sannan ka yi shiru ka saurara har ta gama? Gidan da ake saɓawa a shirya ya fi gidan da ake haɗiyewa ƙarfi, domin na farkon ya san hanyar komawa tsakiya. Na ce ya je gidan surukansa da dattijo ɗaya, kada ya je da hujja, ya je da kunne.

Kai ma mai karatu, duba naka. Sabatin da muke roƙo ba yana nufin ba za a girgiza mu ba. Za a girgiza mu da talauci, da wadata, da fushi, da rashin masoyi. Abin nema shi ne in an ture mu mu dawo kan gaskiya, kuma kada zamanmu daram ya zama a kan wuyan wani muke tsaye.

Allah ya tabbatar da dugaduganmu, ya zaunar da gidajenmu da garuruwanmu lafiya. Wallahu a'alam.