Idan Ƙasa Ta Motsa, Laifin Wa?

A jajibirin Babbar Sallah ta 2016, ranar Lahadi 11 ga Satumba, ƙasa ta motsa a Kwoi, ƙaramar hukumar Jaba, can kudancin jiharmu ta Kaduna. Bangaye suka tsage, mutane suka yi waje a guje. A shekarar dai aka ba da labarin irin haka a Hayin Magina ta ƙaramar hukumar Ikara, nan kusa da mu. Satumban 2018 kuma sai ga Mpape a Abuja. Mu nan Kudan, daga teburin mai shayi har wurin dafa mazarƙwaila, fassarar da ta fi yawa a bakinmu ita ce zunubi ya yi yawa, Allah ne ke jan kunne. Sai a yi salati, a koma gonar rake, maganar ta wuce.

Tunawa da Allah a lokacin firgici abu ne mai kyau. Abin tambaya shi ne: idan mun ce ƙaddara ce, magana ta ƙare ke nan, ko akwai sauran abin da ke wuyanmu? Tun da motsin ƙasarmu ƙanana ne, bari mu leƙa tsibiran da girgiza ta zame musu maƙwabciya, ko ma samu amsa.

Da farko, me ke kawo ta? Doron ƙasa ba dunƙule yake ba. Ya yi kama da tuwo mai zafi da samansa ya yi ɓawo, ɓawon kuma ya rarrabe gida-gida. Waɗannan manyan falalen dutse suna tafiya a hankali, 'yan santimita a shekara, kwatankwacin tsiron farce. Inda biyu suka haɗu sai su cije, ƙarfi ya yi ta taruwa shekaru ɗaruruwa. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa karan rake a gwiwa ya san yadda yake daurewa, sannan ya karye farat ɗaya. Tsibiran Indunusiya suna zaune a kan irin wannan mahaɗa, inda falalen da ke ɗauke da Indiya da Ostareliya ke kutsawa ƙarƙashin Sumatra da Jawa. Haka ma Haiti, a tekun Karibiyan. Nijeriya kuwa tana nesa da bakin mahaɗa, shi ya sa namu ba ya wuce ɗan motsin tsofaffin tsagogin dutse.

Ranar 26 ga Disamba, 2004, girgiza mai maki 9.1 ta auku a teku kusa da Sumatra, ta tayar da igiyar ruwan da ake kira tsunami. Mutum kusan 230,000 suka rasu a ƙasashe goma sha huɗu, mafi yawansu a lardin Aceh. Wannan lardi na Musulmi ne, har ana yi masa laƙabi da zauren Makka, domin ta nan alhazan yankin suke shiga jirgin ruwa a da. Cikin mamatan akwai jarirai da ɗaliban Alƙur'ani. Wa zai bugi ƙirji ya ce sun fi mu zunubi? Malamanmu ma sun karantar da mu cewa wanda ruwa ya ci, da wanda gini ya rufta wa, suna cikin shahidai. Don haka mai saurin cewa azaba ce ya yi hattara, kada ya yanke wa mamaci hukuncin da ba hurumin sa ba.

Akwai wani ƙaramin tsibiri mai suna Simeulue, wanda ya fi birnin Banda Aceh kusa da inda ƙasar ta karye. Mutanensa kusan 78,000 ne a lokacin, amma bakwai kawai ruwan ya ci. Dalili kuwa, a 1907 irin wannan igiya ta yi musu mummunar ɓarna, sai waɗanda suka tsira suka raɗa mata suna smong, suka sa ta a tatsuniya da waƙar reno. Kowane yaro ya tashi da sanin cewa idan ƙasa ta girgiza, teku ya ja baya, ba a tsayawa tsintar kifi, tudu ake nufa. Ranar da abin ya dawo bayan shekara casa'in da bakwai, ba su jira sanarwa ba. Kakanni ne suka ceci jikokin da ba su taɓa gani ba.

Haiti kuwa akasin haka ta faru. Girgiza ta rushe babban birninta, Port-au-Prince, a 1751, ta sake a 1770. Da aka daɗe shiru sai aka manta. A 2008 masana duwatsu suka yi gargaɗin cewa tsagar da ke kusa da birnin ta cika ta batse. Ranar 12 ga Janairu, 2010, ta karye da maki 7.0. Gwamnati ta ce fiye da mutum 300,000 suka mutu. Ko masu ganin an yi ƙari a lissafin sun yarda dubun dubatar rayuka ne. Bayan mako shida da 'yan kwanaki, ƙasar Chile ta sha tata mai maki 8.8, wadda ƙarfinta ya ninka ta Haiti kusan sau ɗari biyar. Mamata ɗari biyar da 'yan kai ne. Babban abin da ya raba su shi ne dokar gini: Chile ta sha wuya a 1960, ta tsaurara doka, ta kuma bi ta. A Haiti bulo marar ƙwari da dakin da ba shi da isasshen rodi su suka danne mutane.

Wani zai ce, ai Haiti matalauciya ce, talaka kuma ba shi ya zaɓi rubabben gida ba. Gaskiya ne, kuma shi ya sa alhakin ba daidai yake a kan kowa ba. Nauyin ya fi yawa a kan wanda ya sani ya yi shiru, da mai ikon hanawa da ya kau da kai, da mai cin riba da rashin ingancin. Amma mutanen Simeulue ma masunta ne da manoma. Abin da ya cece su ba a saye shi da ko kwabo ba.

To mu fa? Wataƙila har mu koma ga Allah ba za mu ga babbar girgiza ba. Amma muna da tamu smong ɗin, tana zuwa kowane watan Agusta. Mun san unguwar da ruwa ke bi, mun san tsofaffi sun ce kada a yi gini a wurin, amma aka yanka fulotai aka sayar. Mun san mai buga bulon da ke tatsar buhun siminti ɗaya fiye da ƙima. Mun san katangar ƙasar da ta tsage tun bara, yara kuma na kwana a gindinta. Ranar da ta faɗi, za mu taru mu yi ta'aziyya, mu ce kwana ya ƙare. Kwana kam ya ƙare, amma wannan ba ya wanke wanda ya ga tsagar ya wuce.

Lokacin da Sayyidina Umar ya doshi Sham, aka gaya masa annoba ta ɓarke a can, sai ya juya da jama'arsa. Da aka ce masa ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce. Imani da ƙaddara wurinsa bayan an yi iya yi, yana sanyaya zuciyar wanda ya rasa. Idan aka jawo shi gaba aka mai da shi hujjar sakaci, an ɗora wa Allah laifin bawa.

Ba mu da ikon tsayar da falalen dutsen da ke ƙarƙashin teku. Muna da ikon zama da tsofaffinmu kafin su tafi, mu tambaye su ina ruwa ya taɓa kaiwa a Hunƙuyi ko Likoro, wace shekara, ya ci gidan wa, mu kuma gaya wa yaranmu. Muna da ikon duba katangar ɗakin da suke kwana kafin damina ta kankama. Ba a fafe gora ranar tafiya.