Rana Dubu Ta Ɓarawo

Masu iya magana sun ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Da wannan karin magana iyayenmu suke rarrashin wanda aka yi wa sata, suna kuma jan kunnen mai dogon hannu. To, amma ba su gaya mana yadda za ta kasance ba idan wani gwani ya kwashi kwanaki dubun nan na ɓarawo ya yi musu kwalliya, ya haska su da fitilu masu launi, ya sa musu kiɗa, sa'an nan ya dunƙule ranar mai kaya cikin minti biyar na ƙarshe. Wannan shi ne aikin da yawancin wasannin 'yan sanda da ɓarayi na talabijin suke yi, kuma a kansa muke son mu ɗan yi nazari tare da mai karatu.

A nan Kirikasamma, da zarar an idar da sallar lisha, samarin da suka wuni a gonar shinkafa ko wajen su sukan yi da'ira a kan waya guda, wasu kuma su nufi gidan kallo inda janareta yake ta ruri. Da yawa daga cikinmu ba mu jin abin da 'yan wasan ƙasashen waje suke faɗi, amma ba wanda yake tashi. Ashe ke nan hoton ne yake yi mana magana. Idan kuwa haka ne, lalle mu tambayi hoton abin da yake cewa, tunda gani ya kori ji.

Bari mu gwada wasanni biyu na Amurka. Na farko shi ne Columbo, wanda aka fara nunawa a jere a 1971, inda Peter Falk ya fito a matsayin ɗan sandan ciki a birnin Los Angeles. Tun daga farko akan nuna mana wanda ya yi kisa, kuma galibi attajiri ne mai katafaren gida. Sai ga Columbo ya iso cikin wata tsohuwar Fijo 403, da yamutsattsiyar rigar ruwa, ba ya ma ɗaukar bindiga. Duk wani kyan gani yana wajen mai laifi, amma an shirya hoton ne yadda sannu a hankali kyan zai zama abin dariya. Mai kallo yakan ga mai tsadaddiyar kwat yana zufa a gaban mutumin da ya raina, saboda wata 'yar tambaya da aka yi masa a bakin ƙofa. Idan an tashi, haƙurin mai bincike ne yake bin mu gida.

Na biyu shi ne Miami Vice, wanda ya fito a 1984. A nan 'yan sandan suna ɓad da kama ne su shiga cikin masu fataucin hodar iblis, don haka shigarsu iri ɗaya ce da ta waɗanda suke farauta: fararen kaya, motar Ferrari, jiragen ruwa masu gudu, titunan dare suna walƙiya, ga kiɗa ba ƙaƙƙautawa. Sanannen abu ne cewa Michael Mann, jagoran shirin, ya hana a sa duk wani launi mai kama da ƙasa. Mu da muke zaune a fadamar kogin Haɗeja, inda gida da gona da tufafin aiki duk launin ƙasa suke, sai mu gane cewa duniyar da aka ƙawata mana ba ta da wurin irinmu. Gaskiya ne a ƙarshe doka ce take yin nasara, kamar dai a Columbo. Amma yaron da ya kalla, motar zai tuna ko hukuncin?

Abin ya ƙara gaba da Peaky Blinders na BBC, daga 2013 zuwa 2022. Nan kam mai laifin ne tauraro. Akan nuna Tommy Shelby da 'yan'uwansa suna takawa a hankali cikin hayaƙi da tartsatsin wuta a titunan Birmingham, kamar sarki da fadawansa, har askinsu ya zama abin yayi a ƙasashe da dama. Alhali 'yan Peaky Blinders na ainihi, na ƙarshen ƙarni na 19, 'ya'yan talakawa ne masu ƙwace da dukan mutane a lungu. Kyan ɗan maciji ke nan.

Idan muka dawo gida, manyanmu ba su manta da Kuliya Manta Sabo na gidan talabijin na Kano ba. Ɗaki ne guda, ga alƙali, ga mai ƙara, ga wanda ake ƙara. Ba wani ado a hoton, saboda haka sai kunne ya yi aiki, mai kallo ya zama kamar muhuti yana auna maganar kowa. Yanzu kuwa kayan ɗaukar hoto sun samu, ga shirye-shirye irin su A Duniya na Tijjani Asase, masu nuna rayuwar 'yan daba. Ba mu shakkar cewa faɗakarwa ake nufi, amma mun ji yara suna kwaikwayon murya da takun Abale, ba mu ji suna maimaita nasihar ba. A 2021 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta sanar da hana fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. A ganinmu an ɗaure jaki ne an bar taiki. Nuna laifi ba shi ne illa ba, ai Columbo ma kisa yake nunawa. Yadda aka nuna shi ne abin dubawa.

Wani zai ce ai Gizo ma maƙaryaci ne, macuci, ga shi mun tashi muna son sa ba mu lalace ba. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma mun yarda kallo kaɗai ba ya mai da ɗan kirki ɓarawo. Talauci da rashin aiki da sakacin iyaye sun fi akwatin talabijin laifi. Sai dai Gizo jin labarinsa muke yi a bakin kaka, ba wanda ya taɓa sha'awar rigarsa ko tsamin bakinsa, kuma idan ya ji kunya mukan daɗe muna yi masa dariya. An bar mana wayonsa, ba a sa mun so zama shi ba.

Mu kuma mun san kamannin sata ta gaskiya. Mutum ya tashi da asuba ya tarar da turke babu shanun huɗa, ko ya je fadama ya ga an kwance injin ban-ruwan da ya ci bashi ya saya, ko masunci ya iske an yi gaba da komarsa. Ba kiɗa, ba fitila. Sai magidanci tsugune ya yi tagumi, matarsa tana lissafin hatsin da ya rage a rumbu. Wannan fuskar ce wasannin nan suke saurin wucewa a kanta, don ba ta da daɗin kallo.

Saboda haka ma'aunin da muke ba da shawara a riƙe mai sauƙi ne. Idan mun zauna kallo, mu lura da fuskar da hoton ya fi daɗewa a kai, da wanda aka kunna wa kiɗa idan ya shigo. Nan ne mai shirin ya yanke hukuncinsa, ko da alƙalin cikin wasan ya faɗi wani abu daban. Mu marubuta kuwa, da daga alƙalaminmu waɗannan labarai suke fitowa, bai kamata mu guji kyau ba, don ba mai kallon abin da ba ya jan ido. Abin da ya rage mana shi ne mu koyi raba shi bisa adalci. Wanda ya taɓa ganin hantsi ya faɗo a kan ruwan Baturiya, tsuntsaye suna tashi, manomi yana tura kwalekwale zuwa gonarsa, ya san mai kaya ma yana da hoton da ya isa a tsaya a kalla. Mu ba shi ko da rabin kwanakin nan dubu. Allah Ya sa mu dace.