Alhakin Kare a Filin Kallo: A Wuyan Wa Yake?

Duk wanda ya taso a Jimeta ya san yadda gari yake idan watan Maris ya kama. Binuwai ta janye, yashi ya fito fili, zafi ya haura digiri 40, ko ɗan acaɓa sai ya nemi gindin darbejiya ya laɓe. To a irin wannan rani ne 'yan farauta ke taruwa kafin su shiga daji. Mu mazauna Limawa da Rumde da Luggere da Nassarawo ba baƙi ba ne ga wannan taro. Kiɗa ya tashi, kirari ya kaure, kowane gwani ya fito da karnukansa, wasu a sarƙa, wasu an ɗaure su bibbiyu da igiya ɗaya. Yara su cika fili, mu manya ma mu rufe shago mu je, don kallo ne mai daɗi, ba a musu.

A wani irin wannan taro da muka halarta a bayan gari, an ce za a tashi da hantsi, amma har aka yi azahar ana jiran wasu manyan baƙi. Rumfa ɗaya ce a filin, ita ma ta baƙin ce, kujerunta babu kowa. Karnuka na kwance a kan ƙasa mai zafi, harshe a waje. Can sai wani jan kare ya yi ƙoƙarin miƙewa, ƙafafunsa suka ƙi, ya kife. Wani yaro da bai fi shekara goma ba ya fasa ledar ruwan da ya saya da kuɗinsa, ya zuba a tafin hannu ya miƙa masa. Mutane suka fashe da dariya, wani ya ce, "Kai yaro, ruwan sayarwa kake ba kare?" Wani dattijon maharbi da ke gefe ya ɗago kai ya ce, "Ƙyale shi, ɗana. Duk filin nan shi kaɗai ya yi abin da ya kawo mu duniya." Ba a jima ba wata yarinya mai tallar gyaɗa ta yanke jiki ta faɗi, aka yi ta yi mata fifita da faifai. Rana ɗaya ce ta kayar da su, ita da karen.

Tun daga ranar tambayar ke damunmu: idan dabba ta wahala saboda mu ji daɗin kallo, alhakin a wuyan wa yake? Na mai kare ne, ko na wanda ya kira taro, ko mu da muka zo da idanu kawai muna da kaso a ciki?

Da sauƙi mutum ya ce ai talauci ne, da muna da kuɗi da mun gina babban ɗaki mai sanyi, magana ta ƙare. Bari mu leƙa inda ake da kuɗin mu gani. A Ingila akwai gasar nuna karnuka da ake kira Crufts, wadda wani mai tallar abincin karnuka, Charles Cruft, ya fara a 1891. Yanzu a birnin Birmingham ake yin ta, kwana huɗu a kowane watan Maris, karnuka wajen dubu 20 ke shiga. Cikin gini ake yi, ga shimfiɗa, ga likitocin dabbobi, ga kujerun 'yan kallo. Duk abin da muka rasa a filinmu suna da shi. Amma a 2008 gidan talabijin na BBC ya nuna wani shirin bincike da ya tayar da ƙura. Aka ga karnukan da shekara da shekaru ana haɗa su barbara da danginsu na kusa, don a samu siffar da alƙalan gasa ke so, har siffar ta zama cuta. Wani an matse masa hanci har numfashi ke yi masa wuya. Wani ƙoƙon kansa ya yi wa ƙwaƙwalwarsa kaɗan, yana rayuwa cikin ciwo. Wani nau'in ma, saboda girman kai, akasarin 'ya'yansa sai an yi wa uwar tiyata ake fitar da su. Ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta RSPCA ta janye daga gasar, BBC kuma ta daina nuna ta daga 2009, bayan ta shafe fiye da shekara 40 tana yi. A 2012 aka shigo da dokar cewa sai likita ya duba gwarzon wasu nau'o'in kafin a tabbatar masa da kambunsa, a shekarar kuwa guda shida suka faɗi gwajin.

Abin lura a nan shi ne, babu wanda ya ɗauki sanda ya doki waɗannan karnuka. Masu su na son su, suna kashe musu kuɗin da ya fi albashin da yawa daga cikinmu. Abin da ya nakasa su shi ne ido. Alƙali ya ba gajeren hanci lamba, 'yan kallo suka tafa, masu saye suka biya, sai masu kiwo suka ƙara gajarta hancin. Abin da ido ya yaba shi kasuwa ke haifarwa. Ke nan ɗan kallo ba bango ba ne da aka jingina taro a jikinsa. Tafinsa kuɗi ne, shewarsa umarni ce.

Mu dawo gida. Me muke yi wa shewa a filinmu? Karen da ya fi zafi, wanda ya fizge sarƙa ya cafki ɗan uwansa. Shi ya sa za ka ji wani na cewa a bar kare da yunwa don ya ƙara kaifi. Shi ya sa wasu samarinmu, da suka shiga yayin kiwon karnukan Turawa masu kaurin gashi, ke fito da su da tsakar rana a zagaya da su don a gani, wani lokaci har a zuga biyu su kama juna, a ɗauka a waya a watsa a Facebook da TikTok. Kare ba ya gumi a jiki irin namu, da haki yake sanyaya kansa. Idan iskar da yake shaƙa ita ma wuta ce, ga gashi irin na ƙasar sanyi, ga ƙasa na ƙona masa tafin ƙafa, ba ya daɗewa zafi ke kayar da shi, wani ba ya tashi. Wanda ya tsaya ya ɗauki hoton faɗan, da wanda ya tura wa abokai, kowa zai ce shi kallo kawai ya yi. Amma Bahaushe ya riga ya yanke wannan shari'a: na shiga ban ɗauka ba, ba ta fid da ɓarawo.

Mun san abin da wani zai ce, don an faɗa mana a majalisa: "Haba malam, kare fa! Abin da ko taɓa shi ba a so?" To mu duba abin da muka karanta a zaure. A mazhabar Imam Malik da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne. Wanke ƙwaryar da ya yi lallage a ciki sau bakwai umarni ne da muke bi don bauta. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo, idan an ambaci sunan Allah. Hadisi ya yi izinin riƙe kare don farauta da kiwo da gadin gona, wato irin riƙon da maharbanmu ke yi, da wanda makiyaya Fulani ke yi wa nasu rawandu. Sannan ga labarin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na mutumin da ƙishirwa ta kama a hanya, ya shiga rijiya ya sha, da ya fito ya ga kare yana lasar danshin ƙasa. Ya koma ciki, ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe da baki ya hauro, ya shayar da shi, Allah Ya gafarta masa. A ɗaya gefen kuma ga matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba.

Mu tsaya a kan waɗannan labarai biyu, don su ne ma'auninmu. Laifin matar nan tsarewa ne tare da hanawa. Karen da aka ɗaure a fili tun safe ba shi da ikon neman inuwa ko ruwa, an ƙwace masa dabarar da Allah Ya ba shi, saboda haka duk abin da ya same shi yana kan wanda ya ɗaure da wanda ya sa aka jira. Shi kuwa mutumin rijiya, karen ba nasa ba ne, ba shi ya kawo shi ba, ganinsa kawai ya yi. Wato ɗan kallo ne. Gani kaɗai ya ishe shi ya ji nauyi ya hau kansa. Kuma babu wanda ke wurin da zai yaba masa. Mu ɗaruruwa ne a fili, amma yaro ɗaya ne ya shiga rijiyar.

Wani kuma zai ce, "Mutane ba su ƙoshi ba, kuna maganar kare." Magana ce mai nauyi, ba mu raina ta ba. Amma a tuna da yarinyar nan mai gyaɗa. Mai shirya taron da bai tanadi randar ruwa don karnuka ba, shi ne dai bai tanada don yara ba. Wanda ya ga ya dace dabba ta gasu a rana har manya su iso, bai ga aibin tsoho ya gasu ba. Tausayi ba buhun masara ba ne da zai ƙare idan an ɗiba wa dabba. Hali ne, kuma wanda ya saba kau da kai daga wahalar abin da ba ya magana, ba zai sha wuya ba wajen kau da kai daga wahalar talakan da ba a jin maganarsa.

Akwai ma inda lafiyar kare da ta ɗan kallo suka zama abu ɗaya, wato ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen dubu 59 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma yara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Alhali allurar rigakafin karnuka tana nan, har a gida Najeriya ana yin ta a cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato. Yanzu a haɗa karnuka masu yawa da ba a san wanda aka yi wa allura ba, ga yunwa, ga zafi, ga kiɗa, ga yara na kutsawa tsakaninsu ba shinge. Idan tsautsayi ya faɗa, a wanke wurin cizon da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya jiran a ga ko karen zai haukace.

Kada wani ya ɗauka muna neman a hana taron farauta ne, ko muna ƙasƙantar da maharba. Wa ya isa? Ba mu manta ƙarshen Oktoban 2014 ba, lokacin da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, 'yan gudun hijira suka cika Yola da Jimeta, kowane gida da baƙinsa. Maharba na cikin waɗanda suka tsaya tare da sojoji da 'yan banga aka ƙwato garin a watan Nuwamba. Mutanen da suka yi wannan sun cancanci a taru a kalle su, a yi musu kirari. Kuma maharbin ƙwarai ya fi kowa sanin darajar karensa, yana kiransa da suna, yana raba loma da shi a daji. Abin da muke roƙo daga cikin tarbiyyar sana'ar ya fito.

Roƙon kuwa ba mai tsada ba ne. A sa taro da sassafe ko bayan la'asar, kuma a fara a kan lokaci ko babban baƙo ya iso ko bai iso ba. A kafa rumfa ta zana ko ta buhu, ɗaya ta karnuka, ɗaya ta mata da yara da tsofaffi, kafin a kafa ta manya. A ajiye duro biyu na ruwa, kuɗin 'yan garuwa bai kai na hayar lasifika ba. A ja igiya tsakanin karnuka da jama'a. Shugabannin maharba su nemi shaidar allura kafin kare ya shiga fili, a gayyaci ma'aikacin lafiyar dabbobi ya zauna a wurin. Wanda ya kira taro ya karɓi gudummawa da sunansa, to wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Namu kason, mu 'yan kallo, shi ne mu san inda muke kai tafinmu. Mu yaba wa karen da ya ji kiran ubangidansa ya dawo, mai ƙoshin lafiya da sheƙin jiki, mu yi shiru ga wanda aka zuga ya yagi ɗan uwansa. Idan an fara haɗa su faɗa, mu mayar da waya aljihu mu juya baya, faɗan da ba mai kallo ba ya daɗewa. Idan rani ya zagayo kuma aka buga gangar fita, kowa ya riƙo ledar ruwa biyu, ɗaya tasa, ɗaya ta duk wanda ya gani yana haki, mai ƙafa biyu ne ko mai huɗu. Idan aka yi masa dariya, ya tuna an yi wa yaron nan ma.

Allah Ya ba mu ikon sauke amanar abin da ke ƙarƙashinmu, Ya kai maharbanmu daji lafiya Ya dawo da su lafiya. Amin.