Shin Harafi Yana da Addini?

A shekarar 2007 Babban Bankin Nijeriya ya fito da sababbin takardun naira biyar, goma, ashirin da hamsin, babu ajami a jikinsu. Wasu suka ce an raba kuɗin kowa da alamar addini guda, wasu suka ce an ci zarafin magabata. Amma abin da aka goge Hausa ce tsantsa: "naira goma", "naira hamsin".

A wuri irin Kagarko, inda Bahaushe da Bafillace da Gbagyi da Koro ke cin kasuwa ɗaya da harshen Hausa, wannan muhawara ba wasa ba ce, domin maƙwabci ne ke zargin maƙwabcinsa. Kuma mai zargin yana da abin kamawa. A makarantar allo ake koyon ajami, da hannun Warshu, mai ɗigon fa a ƙasa, wanda da shi ake rubuta Alƙur'ani. Wanda bai taɓa riƙe allo ba, in ya ga wannan hannu, masallaci zai tuna.

To, boko fa? A hannun 'yan mishan ya fara kama Hausa. Hanns Vischer, Ɗan Hausa, wanda ya tsara ƙa'idojin rubutunsa a 1912, da aikin mishan ya fara shigowa ƙasar nan. Duk da haka yau malamai na wallafa littattafan fiƙihu da boko, ba wanda ya ce sun yi ridda. Ashe harafi kamar ƙwarya yake, abin da aka daɗe ana zubawa a ciki shi ne ƙanshinsa, kuma ƙanshi yana sauyawa.

Ni abin da ya fi damuna daban ne. Mutanen Ayilan suna da tsohon salon rubuta harshensu na Gelik. A shekarun 1960 makarantunsu suka koma ga haruffan da ake rubuta Ingilishi da su, tsohon hannun ya koma ado a allunan shaguna. Ana ƙaunarsa, an daina aiki da shi. Mu ma hanyar muka kama. Cikin ɗaliban da ransu ke ɓaci in an ambaci zancen naira, mutum nawa ne za a ajiye wa waƙar Nana Asma'u da hannun magabata su karanta ba gargada? Kishin abin da ba ka iya karantawa, kishin tuta ne, kuma tuta ce ke tsorata maƙwabci.

Ajami kuwa kayan aiki ne, har yana da abin da ya fi boko. Rubuta "gari" da boko, mai karatu bai san na zama ko na tuwo kake nufi ba sai ya duba jimla. Mai ajami alifi ɗaya zai ja bayan harafin farko, kowa ya san na tuwo ne.