Wa Ya Cancanci Kuɗin Binciken Ƙwaƙwalwa?

Hukumar NIH, mai ɗaukar nauyin binciken lafiya a Amurka, ta yi shekaru tana gudanar da shirin D-SPAN domin ɗaliban digirin digirgir a fannin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, waɗanda irinsu ba su da yawa a fagen: baƙar fata, 'yan asalin Latin Amurka, masu nakasa, da 'ya'yan talakawa. A lokacin, wanda ya dace akan ɗauki nauyinsa har shekara 2 ya ƙarasa digiri, sannan har shekara 4 yana gogewa a bincike. A 2023 Kotun Ƙolin ƙasar ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, a 2025 kuma gwamnatin Trump ta rufe irin waɗannan shirye-shirye. Amma rufewa ba ta amsa tambayar ba: adalci ne a ware wa wasu kuɗi a ce su kaɗai za su nema?

A ganina adalci ne, kuma hujjar ba tausayi ba ce. Ilimin kansa ne ke da giɓi. Na'urar EEG, wadda ake gane farfaɗiya da ita, tana buƙatar ƙananan ƙarafa su manne da fatar kai, an kuwa ƙera su ne da gashi mai santsi a zuciya. Gashin baƙar fata, mai kauri da murɗewa, yakan ture su, sai awon ya lalace, sai a cire mai gashin daga binciken. An daɗe a haka har Arnelle Etienne, baƙar fata a Jami'ar Carnegie Mellon, ta haɗa kai da abokan aikinta suka fito da dabarar yin kitso a zaunar da ƙarfen tsakanin layukansa. Waɗanda suka gabace ta ba jahilai ba ne. Matsalar ce ba ta taɓa shafar kawunansu ba. Haka nan binciken da aka fara a 1992 tsakanin Ibadan da Indianapolis ya gano cutar mantuwa ta Alzheimer ta fi ƙaranci a tsofaffin Yarbawa bisa baƙar fatan Amurka. Da ba a waiwayi Ibadan ba, da an ci gaba da ɗaukar abin da aka gani a wuri ɗaya a matsayin halin ɗan Adam duka.

Mai suka zai ce cancanta kaɗai ya kamata a duba, kuma maganarsa tana da nauyi, don dukiyar jama'a amana ce. Sai dai lokacin da shirin ke aiki, mai neman wannan tallafi ba miƙa masa ake yi ba. Sai ya rubuta tsarin bincikensa, ya kawo shaidar malamansa, masana su tace, a kayar da wasu. Ban da haka, mizanin cancantar kansa abin dubawa ne. Ɗalibin da ya yi hutunsa a ɗakin gwaji ba albashi, don iyayensa na da hali, zai tara maƙaloli fiye da wanda ya yi hutun yana aikin biyan kuɗin makaranta. Yawan maƙalolin ya auna basira, ya kuma auna aljihun uba.

Suka ta biyu ta fi damuna: cewa za a riƙa yi wa wanda ya samu kallon ɗan alfarma, har shi ma ya fara shakkar kansa. Wannan yana faruwa, ba na musu. Amma Imam Gazali ya lissafa likitanci cikin farillan kifaya, wato wajibin da in wasu ba su ɗauka ba laifin ya hau kan kowa. Idan har akwai masu farfaɗiya da na'ura ba ta iya auna su daidai, to wajibin bai sauka ba tukuna, kuma ɗalibin da ya nemi kuɗi don toshe wannan giɓi nauyin jama'a yake ɗauka. Inda masu suka suke da gaskiya shi ne ɗan attajiri baƙar fata kan iya shiga gaban ɗan talaka fari. Maganin wannan shi ne a ƙara wa talauci da nakasa nauyi a ma'aunin zaɓe, abubuwa biyu da D-SPAN ya riga ya sa cikin sharuɗɗansa kafin a rufe shi.