Alhakin Ruwan da Ba a Gani

Tun da Lafiya ta zama babban birnin Jihar Nasarawa a 1996 gari yake ta buɗewa, kuma da wuya mai hali ya gama gini bai kira masu haƙa burtsatse ba. Wani ma yakan fito da famfo waje don maƙwabta su ɗiba, da niyyar sadaka. To, idan wannan burtsatse ce ta sa rijiyar talakan da ke bayan katanga ta ƙafe da bazara, har ya komo yana bin layi da jarka yana godiya, alhakin yana kan wa?

A da akwai uzuri, domin babu mai ganin abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Wannan uzuri ya fara raunana a 2002, lokacin da Amurka da Jamus suka harba tagwayen taurarin ɗan'adam masu suna GRACE, ɗaya na bin ɗaya da tazarar kimanin kilomita 220. Ruwa yana da nauyi. Inda ya ragu, ƙarfin jan ƙasa yakan ragu, sai tazarar taurarin ta ɗan sauya, a auna. Da haka aka gano a 2009 cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa na arewa maso yammacin Indiya yana ƙarewa saboda noman rani. Wasu taurarin masu rada kuma sun nuna yadda Jakarta da birnin Meziko ke lotsawa, domin laka idan aka tsotse ruwanta ta danne, ba ta sake tasowa.

Sai dai ma'aunin irin waɗannan tagwaye na ɗaruruwan kilomita ne. Ba ya ware Lafiya ita kaɗai, balle ya bambanta Bukan Sidi da Tudun Gwandara. Yana iya nuna an yi ɓarna, amma ba ya nuna hannun da ya yi ta. Kowa sai ya ce, nawa na ɗiba? Abin takaicin shi ne kowa gaskiya ya faɗa.

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wani ɓangare na wannan matsala. Sun ce rijiya tana da harami, wato filin da ke kewaye da ita wanda ba a yarda wani ya haƙa tasa a ciki ba, kuma Malikawa sun auna shi da cutarwa, ba da kamu ba. Amma wannan hukunci na maƙwabta biyu ne da alƙali zai iya zaunar da su. Yanzu masu ɗiba dubbai ne, wasu daga cikin waɗanda za a cutar kuwa ba a ma haife su ba.

A ganina, rarraba alhaki tsakanin mutum dubu ba ya shafe shi, kuma kyakkyawar niyya ba ta ɗauke wa mai sadaka wajibcin tambaya. Kafin injin ya shigo unguwa, ya kamata ya san rijiyoyi nawa ke kusa, ya kuma leƙa su bayan shekara guda ya ga inda ruwansu ya tsaya.