Laifin Wa Ne Idan Ɗan Aike Ya Ɓata?

'Yan'uwa, dukanmu mun san yadda a ke aiken yaro kasuwa. Idan uwa ta ce masa, "Je ka sayo mai," ba ta ce man gyaɗa ko manja ba, yaron kuwa ya komo da manja alhali man gyaɗa ta ke so, wa za a yi wa faɗa? Wannan tambaya ta komo mana a zamanin nan ta wata hanya dabam, ta kuwa shafi Littafi Mai-tsarki.

Tun 2022, sa'anda ChatGPT ya fito, mutane da yawa sun soma tambayar na'ura abinda dā su kan tambayi mai-wa'azi. Yanzu kuma akwai 'yan aike na ƙirƙirarriyar basira, watau manhajojin da a kan ba su aiki, su shiga intanet da kansu su nemo amsa. Idan ka ce wa irin wannan ɗan aike ya kawo maka aya da Hausa, ya kan tafi wata ma'ajiya inda aka tara juyi iri iri na Littafi, ya roƙi ayar. Amma ba ya sanin yadda ma'ajiyar ke aiki sai ta wurin takardar bayani da masu-ita suka rubuta. Abinda takardar ta faɗa, shi ya sani. Abinda ta bari kuwa, ya kan cika shi da zato.

Bari mu duba abinda ya kamata takardar nan ta faɗa. Na fari, wane juyi ne? Muna da Littafi na 1932, wanda Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha wahala a kansa. Muna da na 1979, muna kuma da Sabon Rai Don Kowa na 2020. Tsohon ya kan ce Kristi, na 1979 ya ce Almasihu. Idan ma'ajiya ta rubuta "Hausa" kawai, ba suna, ba shekara, ɗan aiken zai ɗauko wanda ya fara samu, tsohuwar da ta haddace na 1932 kuwa za ta ce an sake mata Littafi.

Na biyu, wane lissafin ayoyi a ke bi? Annabawa da manzanni ba su rubuta da lambobi ba. Stephen Langton ne ya raba surori a ƙarni na 13, Robert Estienne kuma ya sa lambobin ayoyi cikin Sabon Alkawari a 1551. Lissafin kuwa ba ɗaya ba ne ko'ina. Malakai sura 4 ne a Turanci, 3 a Ibrananci. Zabura ta 23 ita ce ta 22 a tsohon juyi na Helenanci. Addu'ar Dawuda ta neman tsarkin zuciya tana Zabura 51:10 a Turanci, amma a juyin Faransanci na Segond, wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke karantawa, tana aya 12.

Na uku, me ma'ajiyar za ta amsa idan ayar ba ta nan? Waɗansu juyi ba su sa Ayyukan Manzanni 8:37 cikin nassi ba, gama ba ta cikin tsofaffin littattafan da aka rubuta da hannu. Idan ma'ajiyar ta yi shiru, takardar kuma ba ta bayyana dalili ba, ɗan aiken yana iya juya ayar da kansa daga Turanci, ya miƙa maka ita kamar daga Littafi ya ɗauko. Nan ne haɗarin ya ke. Mutum ya kan komo ya ce, "Ban samu ba." Na'ura kuwa sau da yawa ta kan amsa da ƙarfin hali ko da ba ta samu ba.

Watakila wani zai ce, "Na'ura ba ta da rai, don me za mu gajiyar da kanmu muna yi mata bayani?" Gaskiya ne ba ta da rai. Amma bayanin ba dominta a ke yinsa ba. A ƙarshen hanyar akwai mai-bishara a ƙauye da zai karanta ayar ran Lahadi, akwai marar-lafiya da zai riƙe ta da dare. Wanda ya haƙa rijiya a bakin hanya ya bar ta ba murfi, ba zai ce jaki ne ya jawo mai-kaya ciki ba. Haka nan wanda ya buɗe ma'ajiyar Maganar Allah ya bar ta ba bayani, amanar tana wuyansa. Rubuta takardar nan aiki ne da ba mai-yabonsa, amma aikin aminci ne, kamar na magatakardan da suka kwafi Littafi harafi harafi, ba mu ko san sunayensu ba.

Duk da haka kada mu ɗora dukan laifi a kansu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu da mu ke aiken na'ura muna da namu rabo. An yabi mutanen Biriya domin sun bincika Littattafai kowace rana, ko da shi ke Bulus ne da kansa ya yi musu wa'azi. Balle na'ura.

Saboda haka, ɗan'uwa, idan waya ta ba ka aya, ka tambaye ta juyi da shekara. Sa'an nan ka buɗe Littafinka ka gwada, kafin ka hau bagadi ko ka aika wa wani. Matambayi ba ya ɓata. Ubangiji ya ba mu aminci cikin ƙanƙanen abu.